Na sake cin bashin manhajar waya bayan shekara uku, ga abin da na tarar

Surukina ba ya kirana a waya. Tun da na auri 'yarsa, in yana da magana sai ya faɗa mata ta faɗa mini, ni ma ta hannunta nake aikawa. Shi ya sa ranar da na ga lambarsa tana haskawa a wayata, wata Laraba cikin Fabrairun 2022, ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai da gabana ya faɗi. Na ɗauka rasuwa aka yi. Na fita baranda na ɗaga, har da ɗan rusunawa kamar yana ganina.

"Malam, lafiya dai ko? Wani saƙo ne ya shigo mini da Turanci, na ba yaro ya karanta. Wai kai ɓarawo ne, ka gudu da kuɗin kamfani, kuma wai ni ka sa na tsaya maka."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi ba haka zancen yake ba."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To nawa ne kuɗin? In abin da za a iya ne, a rufa asiri."

Naira dubu 20 ne fa, bashin da na ci a wata manhajar waya. Dubu 20 aka rubuta, dubu 13 da ɗoriya suka shigo asusuna bayan sun yanke abin da suka kira kuɗin hidima, wa'adi kwana bakwai, na makara da kwana biyu saboda albashi bai shigo ba. A kan wannan aka aika wa surukina, da shugaban makarantarmu, da mai sayar mini da abincin kaji a Sabon Gari, da wata tsohuwar ɗalibata da na manta ma lambarta tana wayata. Wasu har da hotona aka tura musu, wanda na ɗauka da kaina riƙe da katin shaida lokacin rajista. Zagin bai yi mini ciwo kamar wannan "a rufa asiri" ta dattijon nan ba.

Abin kunyar shi ne kwamfuta nake koyarwa, a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya. Ni ne mai tsayawa ina gaya wa yara kada su ba kowa lambar sirrinsu. Amma da manhajar nan ta ce in ba ta izinin ganin lambobin wayata da hotunana da saƙonnina, latsawa kawai na yi ta yi, don 'yan tsakina ɗari ba su da abincin gobe. Mai neman kuɗin abincin kaji ba ya karanta sharuɗɗa.

Na rantse ba zan ƙara ba, kuma na riƙe rantsuwar har Oktoban 2025, lokacin da na zuba buroila ɗari da hamsin don kasuwar Disamba, suka kai sati huɗu suna cin abinci kamar gobara, aljihu kuma ya yi ƙasa. Na yi kaffara, na sauke wata manhajar daban. Ita ce nake son in ba da labari a kanta, don mutane da yawa a ɗakin malamai suna tambayata ko abin ya gyaru. Ba zan kama sunanta ba, ita da ta farkon. Ta farkon ma ta ɓace daga Play Store tuntuni, kuma irinsu sun saba sauya suna kamar mai sauya hula. Maganar riba kuwa na san hukuncinta, uwargida ta riga ta karanta mini ayar har sau biyu a dare ɗaya, ban kuma da abin kare kaina. Ba in halasta abin na zo ba.

Kafin in sauke, wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na shiga shafin hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, inda take lissafa kamfanonin bashin waya da ta amince da su. Jerin ya samo asali ne daga rikicin shekarar da aka ci mutuncina: a watan Maris na 2022 hukumar ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashi a Ikeja ta Legas, daga baya a shekarar ta fito da tsarin rajista na wucin gadi. Na tarar da sunan kamfanin da ke da manhajar a jerin. Sai dai sai da na sha wahala, domin sunan manhaja daban, sunan kamfani daban, sai ka gangara can ƙasan shafinta a Play Store kafin ka ga mai ita.

Bambancin farko na gan shi tun a bakin ƙofa. Ba ta nemi ganin lambobin wayata ba, ba ta nemi shiga hotunana ba. Na ma shiga saitin waya na duba da kaina, ban yarda da abin da ta nuna mini ba, na ga da gaske babu. A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa kishin ƙasata daɗi ba: ba dokar Najeriya ce ta fara rufe wannan ƙofar a aikace ba. Google ne, daga ƙarshen watan Mayun 2023, ya hana manhajojin ba da bashi da ke rumbunsa taɓa lambobin mutane da hotunansu da bidiyonsu da takamaiman wurin da suke. Kamfani ɗaya a Amurka ya sauya layi a ƙa'idarsa, abin da ake ta kuka a kansa daga Legas har Nairobi ya ragu. Hukumomi sun matsa masa lamba, ban musa ba. A Indiya ma babban bankinsu ya riga ya hana irin wannan leƙen tun 2022. Amma ka lura: kariyar tana tsayawa ne a kan manhajar da ka sauko daga Play Store. Wadda aka turo maka ta WhatsApp aka ce ka girka kai tsaye, babu ruwanta da wannan ƙa'idar, kuma har gobe ana turo su.

To me ta nema? BVN, NIN, hoton fuska ina ƙifta ido ina juya kai hagu da dama kamar mai gwajin tabarau, sunan wurin aiki, adadin albashi, lambar katin banki don ta riƙa cire kuɗinta da kanta, da izinin karanta saƙonnin waya, wai don ta ga alat na banki ta auna ƙarfina. Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai. Akwatin saƙona ba alat kaɗai ke ciki ba, har da saƙon ƙanwata ranar da aurenta ya mutu. Na gwada hanawa, manhajar ta ƙi wucewa gaba. Na bayar, ina gamawa da karɓar kuɗin na koma saiti na janye izinin, ko da yake na san abin da ta kwasa ta riga ta kwasa.

Sai kuma wurin da na fi daɗewa ina kallo. Shafi ne mai gurbi biyu: rubuta suna da lambar mutum biyu na kusa da kai, da dangantakarku. Ba a kira su masu tsaya maka ba, an ce wai waɗanda za a tuntuɓa in an neme ka an rasa. Wato abin da ta farkon ta sata a ɓoye, wannan tana roƙonka ka miƙo mata da hannunka, sai dai biyu maimakon ɗari huɗu. Ci gaba ne, ban raina ba. Amma lambar ƙanena ba tawa ba ce. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora yarda ne a kan mai bayanan, kuma ni ba ni da hurumin yarda a madadin wani baligi. Manhajar ta kauce wa wannan da ɗan akwati a ƙasa, inda za ka latsa cewa ka riga ka nemi izininsu. Mutum nawa ne ke nema? Ni dai na kira ƙanena a take.

"Yaya, ba dai irin na wancan karon ba ne ko? Don ni matata ba ta da haƙurin taka."

Na ce masa in suka kira shi ya turo mini lambar, ni zan ji da su. Ya yarda da ƙyar. Gurbi na biyu na sa uwargida, bayan na sha wa'azi na uku.

Ta fuskar sauri ba ni da ƙorafi. Daga latsawar ƙarshe zuwa shigowar alat bai kai minti goma ba, kuma dubu 80 da aka rubuta su suka shigo cif, ba a yanke ko sisi ba. Za a biya dubu 104 a kashi biyu cikin wata biyu da 'yan kwanaki, kuma an nuna mini wannan jimillar da manyan lambobi kafin in amince. Tsada ce ƙwarai, kashi 30 cikin ɗari a wata biyu, kusan ribar kajin gaba ɗaya in an samu mace-mace. Amma ba a ɓoye mini ba, wanda ta farkon ta yi. Ina jin sabbin ƙa'idojin da FCCPC ta fitar a 2025, masu tarar da ta kai Naira miliyan 100 ko kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin kamfani, suna da hannu a wannan ladabin.

Na makara da gangan a kashi na farko, kwana biyu, daidai da wancan karon. Kuɗin na hannuna, na kwashe su daga asusun da katin ke kai, ina so in ga halinsu. Uwargida ta ce wannan neman magana ne, kuma da gaskiyarta. Ranar farko saƙo uku da kiran na'ura biyu. Rana ta biyu wata budurwa ta kira, da ladabinta, ta ce in faɗi ranar da zan biya. Da na ce gobe, sai ta ce, cikin murya mai sanyi, ba za ta so a kai ga tuntuɓar mutanen da na rubuta ba, kuma za a kai sunana wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi. Wannan na biyun haƙƙinsu ne, akwai doka a kansa tun 2017, kuma Babban Banki ne ke ba waɗannan kamfanonin lasisi. Na farkon kuwa barazana ce da aka shafa wa turare. Ba su kira ƙanena ba, ba su kira uwargida ba, na tambaye su duka. An ƙara mini tarar makara ta Naira dubu ɗaya da ɗari shida. Na biya.

Da na kammala biya a Disamba, bayan kajin sun tafi, sai na shiga gwajin da ya fi damuna: shin za a iya fita? Dokar 2023 ta ba mutum haƙƙin ya tambayi kamfani abin da ya ajiye a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya nemi a goge, ya ce a daina turo masa talla, kuma ta ce janye yarda ya kasance da sauƙi kamar bayar da ita. Wannan jimlar ta ƙarshe na fi so a duk dokar, kuma ita ce manhajar ta faɗi a kanta warwas. Bayar da yarda latsawa ɗaya ce. Maɓallin goge asusu kuwa sai da na bi ta shafi huɗu, na same shi a ƙarƙashin wani wuri da ba shi da alaƙa da shi, da na latsa kuma sai ya ce in aika imel.

Takardar bayanin yadda suke sarrafa bayanai na karanta ta duka a wannan karon, daren Juma'a, da shayi. Turanci ne zalla, irin na lauyoyi, babu Hausa, babu ko Turancin kasuwa. Ni da nake koyarwa da Turanci sai da na maimaita wasu sassan. Na yi ta tunanin mai shayin bakin Kwangila da ya nuna mini irin wannan manhajar a wayarsa, wanda da murya yake aika saƙo don bai iya rubutu ba. Shi ma ya latsa cewa ya karanta ya fahimta. A cikin takardar akwai wurin da suka ce za su iya ba "abokan hulɗa" bayanai, ba a faɗi ko su wane ne ba, da wurin da suka ce za a iya ajiye bayanan a wajen Najeriya, ba a faɗi ƙasar ba. Abu ɗaya mai kyau, a can ƙarshe akwai adireshin imel na jami'in kare bayanai na kamfanin, muƙamin da dokar ta wajabta wa masu riƙe bayanan jama'a da yawa. A 2022 ko lambar ofis ta farkon ba ta da ita.

Na rubuta masa gajeriyar wasiƙa, na ambaci dokar, na nemi abu uku: a gaya mini abin da suke da shi a kaina, a goge, a cire lambar ƙanena da ta matata. Kwana tara shiru. Na sake aikawa, na ƙara da cewa in ban ji komai ba zan kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Washegari amsa ta zo. Ban sani ba ko sunan hukumar ne ya yi aiki ko dama layi ne ya zo kaina, amma na lura da saurin.

Amsar rabi da rabi ce. Sun ce sun rufe asusun, sun cire ni daga jerin talla, sun goge lambobin mutum biyun. Sun ce bayanan shaidata da tarihin cinikin za su riƙe su aƙalla shekara biyar saboda dokar hana halasta kuɗin haram ta wajabta musu. Na bincika, wannan gaskiya ne, ba dabara ba ce, kuma ban ga laifinsu a nan ba. Amma tambayata ta farko, me kuke da shi a kaina, sun tsallake ta kamar ba a yi ba. Ba a ce komai kan saƙonnin da suka karanta ba, ba a ce komai kan hoton fuskata ba, ba a faɗi abokan hulɗar ba. Kuma ba ni da hanyar tabbatar da ko gogewar da suka ce sun yi an yi ta. Maganarsu ce kawai, a imel da ba shi da sunan mutum a ƙasa.

Mutane suna cewa dokar ba ta da haƙori. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. A 2021, kafin dokar, lokacin da ƙa'idar 2019 ta hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, kaɗai ake da ita, tarar da aka ci wani kamfanin bashi kan irin abin da aka yi mini Naira miliyan 10 ce, kuɗin da irinsu ke tarawa kafin azahar. Yanzu babban kamfani na iya fuskantar tarar kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara. An ga FCCPC, bayan binciken da ta yi tare da NDPC, ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilun 2025, har kamfanin ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a Najeriya. A Kenya, wadda ta yi tata dokar a 2019, ofishin kare bayanai ya ci wani kamfanin bashin waya tarar shilin miliyan biyar a 2023 kan damun mutanen da ba su ci bashi ba. Ghana kuwa tun 2012 take da doka, ta riga mu da shekara goma sha ɗaya. Haƙori akwai. Abin da na gani dai shi ne yana kama babban nama da ke da ofis da suna da abin asara. Manhajar da na gwada tana cikin masu abin asara, shi ya sa ta yi ladabi. Wadda ta ci mutuncina ba ta da ofis ɗin da za a kai wa takarda.

In malami ɗan'uwana ya tambaye ni, abin da nake ce masa shi ne: wajen sauri da bayyana farashi na ba ta hannu, wajen karɓar bashi ta fi ta da nesa ba kusa ba, wajen tsada Allah ya kiyaye, wajen sakin bayananka kuma kada ka sa rai. In adashe zai fitar da kai, ko mai abincin kaji zai ba ka buhu biyar zuwa ƙarshen wata, bi can. In ya zama dole, duba jerin FCCPC tukuna, kada ka girka abin da aka turo maka ta WhatsApp, ka nemi izinin duk wanda za ka rubuta lambarsa da bakinka, ka janye izinin saƙonni da zarar kuɗi sun shigo. Tura STOP zuwa 2442 yana rage saƙonnin talla na layin waya, amma ba ya hana kiran mutum.

Kiran kuwa bai tsaya ba. Sati biyu da suka wuce wani saurayi ya kira ni daga wani kamfanin bashi da ban taɓa jin sunansa ba, ya kira cikakken sunana, ya ce an amince mini da dubu 150. Na ce a ina ya samu lambata. Ya ce tana cikin tsarinsu. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ina koyarwa a makaranta kaza, ya ambaci makarantar da na bari tun ƙarshen 2022. Sabuwar manhajar ba ta san wannan makarantar ba, sabon wurin aikina na rubuta mata. Wuri ɗaya na taɓa rubuta tsohon sunan. Na buɗe shafin kai ƙara na NDPC a daren, na cika sunana da lambata, na iso gurbin da za a rubuta sunan kamfanin da ake ƙara da adireshinsa, na zauna ina kallonsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce mun je gaida Baba a cikin birni. Bayan an ci abinci ya miƙo mini 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya ce, "Malam, duba mini, wai ta cika, saƙo ba ya shiga." Na shiga akwatin ina sharewa, tallan kamfanin waya, gaisuwar Juma'a, sanarwar ɗaurin aure. Can ƙasa na ci karo da shi, Fabrairun 2022, da sunana da manyan baƙaƙe. Shekara kusan huɗu yana ɗauke da shi a aljihun gaban rigarsa, bai iya karantawa ba, bai iya gogewa ba. Na goge, na miƙa masa da hannu biyu.

"Ta gyaru?"

Na ce, "Ta gyaru, Baba."

Ya mayar aljihu, ya tambaye ni ko bana ma zan zuba kajin azumi.